Rundunar da Ba Ta Yi Sallama Ba

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya tsaga mata hanyoyi, ya raba harsuna, ya ba kowace al'umma rabonta na hankali da rabonta na taurin kai. Ku matso kusa, ku gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ni ne Tunau ɗan Korau, wanda kuke kira Karkace idan na ba da baya, kuna tsammanin ban ji ba. Na ji sarai. Yau zan ba ku labarin wasu mutum biyu da na gani da idona a can ƙarshen duniya, namiji da mace, waɗanda har gobe in na tuna su sai tsigar jikina ta tashi.

Asalin fitata daga gida wannan ƙafar ce. Ina yaro na faɗo daga kan ɗinya, wani wanzami mai gaggawa ya ɗora mini ita a karkace, ya ce wai za ta miƙe da kanta. Ga ta nan kuna gani, har yau muna jira. Da na girma sai na rantse sai na koyi ɗori na gaskiya, don kada a ƙara yi wa ɗan wani abin da aka yi mini. Fatake suka ce mini a bayan Tekun Toka akwai wani birni a kan dutse, sunansa Jalmo, inda ake ɗora ƙashi ya koma kamar bai taɓa karyewa ba. Na ɗaure 'yan tsummokarana na kama hanya.

Jirgin ruwa ya sauke ni a wata ƙasa da ake kira Kasandi, ƙasar masunta, gidajenta farare fat. Guzurina ya ƙare, don haka na zauna ina taya su shanya kifi har bakina ya iya harshensu. Abu biyu suka ɗaure mini kai a can. Na farko, mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba. Na biyu, nan da can sai ka ga ɗaki lafiyayye amma an kwaɓa ƙasa an toshe ƙofarsa. Na tambayi tsohuwar da nake kwana a zaurenta, ta ce, “Ɗan nan, mazanmu suna Jalmo. Mutanen can ne suka nemi taimako aka tura musu runduna, tun jikana yana goye, ga shi yanzu yana jan taru.”

Na ce, “To yaƙin bai ƙare ba?”

Ta ce, “Ya ƙare tuntuni. Ba a sallame su ba ne.”

Ashe dokar Kasandi ita ce, mayaƙin da aka tura taimakon wasu ba ya dawowa sai waɗanda ya je taimaka sun sallame shi da bakinsu. Wanda ya dawo ba sallama, gudu ya yi. Ba a dukansa, ba a kashe shi. Sai dai a toshe ƙofar ɗakinsa, a raba gadonsa, matarsa ta yi takaba yana tsaye yana kallo. Ta nuna mini wani mutum a bakin teku yana tsintar ƙananan kifayen da masunta suka zubar, ta ce kewar 'ya'yansa ce ta koro shi daga Jalmo. Ina kallo 'yarsa ta wuce ta gabansa da tulu a ka, ko waiwaye ba ta yi ba. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Daga Kasandi na nausa cikin daji har na iso wani kogi da ba a hango ɗaya gaɓarsa. Ba kwalekwale, ba gada. Mai fiton wurin wani kunkuru ne da bayansa zai ɗauki shanu da makiyayinsu. Ya ɗago kai ya ce da ni, “Hau. Amma ni ladana hira ce. Muddin ana magana ina iyo, da an yi shiru zan nutse.” Na yi dariya a raina, na ce yau ka gamu da gwani, don ni tun ina yaro ake korata daga zaure saboda surutu. Na hau, na ba shi labarin garinmu, da na wanzamin nan, da na duk wanda na taɓa sani. Kafin mu kai tsakiyar ruwa bakina ya bushe, labari ya ƙare ƙaf, na ji ruwa ya fara taɓa mini idon sawu. Cikina ya ɗuri ruwa tun kafin kogin ya ɗura mini. Sai Allah ya kawo mini dabara, na ce, “Kai, dubi rashin kunyata, ban ma gaishe ka ba! Ina gajiya? Ina iyali? Yaya yara, kowa da sunansa?” Ashe tsohon yana da 'ya'ya da jikoki ba iyaka, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa lafiyarsu. Ya shiga lissafa su, wannan ta yi aure a wani tafki, wancan ba ya jin magana, ni kuwa ba abin da nake cewa sai “Allah sarki” da “Madalla.” Har muka kai gaɓa bai gama da 'ya'yan uwargidansa ba.

Bayan hawan dutse mai cin rai, na iso ƙofar Jalmo, da ɗan abin da na tsinta na harshensu a bakin fatake. Mayaƙan Kasandi ne tsaye a bakinta da māsu, makullan birnin a rataye a ɗamarar babbansu. Ni dai kafin in sa ƙafa na tsaya daga waje, na ajiye sandata, na ɗaga murya na ce, “Sallama dai, masu gari!” kamar yadda uwata ta koya mini. Sai na ji wata murya daga ciki ta ce, “Wane ne?” Na faɗi sunana da na ubana. Aka ce, “Maraba, shigo.” Wata mata ta fito da ƙwaryar ruwa ta ba ni na sha. Mayaƙan suka zazzage kayana suka bar ni na wuce. Ban ɗauki abin da na yi a bakin komai ba.

Ina shiga kasuwa na ga abin da ya sa na yi tsammanin hawan dutsen ya taɓa mini ƙwaƙwalwa. Wani mayaƙi ya tsaya gaban mai ƙosai ya nuna da yatsa, sai matar ta juya ta fuskanci katanga ta ce, “Bango, na nawa kake so?” Can kuma wani dattijo da jakinsa ya tarar da mayaƙa sun tare hanya, ya dubi ƙasa ya ce, “Dutse, matsa in wuce.” Duk garin haka suke. Ba mai zagin mayaƙan, ba mai jifansu, amma ba wanda yake kallon idonsu ko ya amsa musu gaisuwa. Mayaƙan kuwa sun koyi 'yan kalmomin ciniki kawai, suna yawo a garin kamar waɗanda suka zo biki aka manta da su.

Aka kai ni wurin babbar maɗoriyar birnin, Iya Gwamma, wata doguwar tsohuwa mai faɗin tafin hannu. Ta dubi ƙafata ta ce, “Wanda ya yi maka wannan, ko akuya kada a ba shi.” Ta karɓe ni almajirin sana'a, na zauna a gidanta ina sassaƙa mata karan ɗori ina ƙara koyon harshen Jalmo. Ban taɓa ganin hannu irin nata ba. Ta kan shafa karaya sau ɗaya, ta ja, ka ji ƙas, mai kuka ya yi shiru yana mamaki. Har mayaƙan Kasandi akan kawo mata in sun faɗo daga doki, kuma ta ɗora su da kyau kamar 'ya'yanta, sai dai fuskarta na kallon katanga tana cewa, “Bango, kada ka taka ƙafar nan sai na ce.”

Maƙwabcinmu ne ya warware mini zaren. Ya ce shekarun baya wasu mahara masu hawan gwanki sun kewaye Jalmo, suna ƙona gonaki suna kwashe mutane. Dattawa suka aika Kasandi neman agaji. Ranar da rundunar ta iso, mahara sun riga sun fasa gari, wuta na ci. Kasandawa ba su tsaya neman ƙofa ba, suka kafa tsani ta bayan ganuwa suka diro, suka kori mahara, suka ceci birnin. To amma a al'adar Jalmo, wanda bai tsaya a ƙofa hannu wofi ya yi sallama an amsa masa ba, bai shigo ba. Ko ya shekara nawa a ciki, ba ya nan. Wanda ba ya nan kuwa ba a yi masa magana.

Na ce, “Haba! Mutanen da suka cece ku?”

Ya ce, “Mun san sun cece mu. Mun yi ta jira su fita su shigo ta ƙofa mu yi musu godiya. Sai muka ga sun karɓi makullai.”

Sannan ya rage murya ya ba ni labarin Barmo, ɗan Iya Gwamma tilo. Wata rana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya ya dawo daga daji da itace a ka, ya lulluɓe da buhu. Masu gadi ba su gane shi ba, suka daka masa tsawa ya faɗi ko shi wane ne. Barmo ya ji su sarai, amma ɗan Jalmo ba ya amsa wa wanda bai shigo ba. Shugaban rundunar, Barde Cindo, ya riga ya ba da umarni duk wanda aka kira bai amsa ba a harbe shi, saboda mahara kan yi shigar burtu. Kibiya ɗaya aka yi masa. Uwarsa ce ta zare ta da hannunta.

Kowace shekara bayan girbi Jalmawa kan taru a dandali su yi muhawara kan magana ɗaya: baƙin nan su tafi ko su zauna? Suna da wata al'ada da ni ban so ta ba ko kaɗan. Mai magana zai riƙe ƙwarya mai huji cike da ruwa, da ruwan ya tsiyaye maganarsa ta ƙare, ko da a tsakiyar kalma yake. Wannan shekarar, kafin a fara, sai ga wani mayaƙi ya zo ya ce Barde yana kirana. Na same shi tsaye a gefen dandali, gajeren mutum mai furfura, idanunsa sun faɗa. Ya ce, “An ce kana jin harshenmu, kana jin nasu, kuma suna yi maka magana. Duk shekara ina tsayawa a nan ina kallon bakinsu yana motsi. Don girman Allah ka tsaya kusa da ni ka gaya mini abin da suke cewa. Kada ka rage, kada ka sa masa zuma.”

Wanda ya fara ɗaukar ƙwarya wani dattijo ne mai ido ɗaya, Mijinyawa, wanda mahara suka kwashe masa mata da 'ya'ya. Ya ce, “Jama'a, ni ban ce zaman nan yana da daɗi ba. Amma ku da kuke cewa su tafi, wa zai hau ganuwa? Samarinku? Wanne ne a cikinsu ya taɓa jan baka? Mahara ba su mutu ba, suna bayan duwatsun can suna kiwon gwankayensu, suna da kunne a kasuwarmu. Ranar da mashi na ƙarshe ya sauka daga dutsen nan, ranar za su ɗaura sirdi. Ni na ga abin da suke yi, da wannan idon da wanda babu. Gara a zazzage mini kaya a ƙofa kullum da in sake binne...” Ruwa ya ƙare. Ya ajiye ƙwaryar, kuma ba wanda ya yi masa dariya.

Wata mai sayar da hatsi ta ce su zauna, don su suka gyara hanyar dutse, kuma ciniki ya buɗe. Wani manomi ya ce su tafi, dawakinsu sun cinye masa gero ba sau ɗaya ba, kuma ba shi da wanda zai kai wa ƙara sai bango. Wani ya tashi ya ce, to 'ya'yan da aka haifa wa mayaƙan a garin nan fa, su ma bango ne? Dandali ya kaure, aka yi ta hayaniya har sai da aka buga ganga.

Sannan Iya Gwamma ta ɗauki ƙwarya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Mijinyawa ya yi gaskiya, samarinmu ba su iya jan baka ba. Ina tambaya, yaushe za su iya? Ni maɗoriya ce. Ina ɗaure ƙafa da kara don ta warke, amma in na bar karan ya wuce lokacinsa, ƙafar shanyewa take yi. Mahara na iya dawowa, ban ce ba za su dawo ba. Wataƙila mu sha wuya. Amma garin da makullinsa ke ɗamarar wani, an riga an ci shi, saura kawai a gaya masa. Ban kawo maganar ɗana ba, kuma kada wanda ya kawo mini ita. Ko da Barmo yana raye, abin da zan faɗa ke nan.” Ta ajiye ƙwaryar da sauran ruwa a ciki.

Duk wannan ina juya wa Barde. Da na gama sai na ga ya dafe kai. Ya ce, “Tana so mu tafi? To me ya hana su sallame mu? Duk shekara in an watse ina tsayawa a tsakiyar dandalin nan in ce ku sallame mu, sai su sunkuyar da kai su wuce. Na ɗauka tsoron mahara ne ya sa suka riƙe mu. Wani lokaci kuma in ce mugunta ce.”

Jama'a, ban san lokacin da na yi tsalle da gurguwar ƙafata na fizgi ƙwarya ba. Na ce, “Ku saurara! Mutumin nan ya ce shekara da shekaru yana roƙon ku sallame su!” Na bayyana musu dokar Kasandi, da ƙofofin da aka toshe, da mutumin da na gani yana tsintar kifi. Kafin in kai rabin abin da ke bakina ruwan banzan nan ya ƙare, amma sun gane.

Iya Gwamma ta dube ni, ni kaɗai, ta ce, “Tunau, kai baƙonmu ne, da kai nake magana. Ta yaya za a sallami wanda bai yi sallama ba?”

Na juya wa Barde, na ƙara masa da bayanin al'adarsu. Ya ɗaga kai ya dubi ganuwa. Can ya ce, “Tsani. Ashe tsanin nan ne.” Sai ya tambaya me za su yi. Dattawa suka gaya mini, ni kuma na gaya masa: rundunar duka za ta fita bayan ganuwa, ta ajiye makamai, ta mayar da makullai, a rufe ƙofa. Sannan shugabanta ya yi sallama. Sau uku ake yi. In ba a amsa ta ukun ba, sai mutum ya juya ya kama gabansa. Kuma ba kowa ke da ikon amsawa ba. In akwai jini tsakanin mai sallama da wani gida, to gidan ne kaɗai zai amsa ko ya ƙi.

Kowa ya juya ya kalli Iya Gwamma. Ita kuwa tana gyara ɗaurin zanenta.

Mataimakin Barde, wani ƙaƙƙarfa mai suna Jarmai Kwasau, ya yi wuf ya sha gabansa. Ya ce, “Ranka ya daɗe, tarko ne! Mu fita hannu wofi, su rufe ƙofa, matar da muka kashe wa ɗa ta yi shiru. Shi ke nan sun rabu da mu ba tare da sun sallame mu ba, mu koma gida a toshe mana ɗakuna. Mun binne 'yan'uwanmu a dutsen nan saboda su. Makullai na hannunmu, māsu na hannunmu. Ka sa a kawo dattawan nan su faɗi kalmar ko suna so ko ba sa so.”

Barde ya ce, “Kwasau, sallamar da aka karɓa da mashi, kai za ka iya kai ta gida ka kalli matarka?” Jarmai ya ja da baya. Barde ya ce, “Na yi tsaron garin nan shekaru ban san sunan gaisuwarsu ba. Gobe za mu fita. In ta ƙi, tana da gaskiya, kuma ni zan shiga gaba a toshe nawa ɗakin kafin na kowa.” Ya kwance makullan daga ɗamarar mai gadi, ya ajiye su a ƙasa a tsakiyar dandali, ya ce in gaya musu za su bar bakuna da kibau a bakin ƙofa don masu hawan ganuwa. Mijinyawa ne ya sunkuya ya ɗauki makullan. Ya ce, “Ban canza magana ba, kuskure kuke yi. Amma in za a yi, ni zan kwana a ƙofar.”

A hanyar gida maƙwabcinmu ya ja ni gefe ya nuna mini ɗaya gefen maganar, wanda ni ban hango ba. A Jalmo ba a korar baƙo. Da zarar an amsa masa ya shigo, ba a sallamarsa sai shi ya nema da bakinsa. Wato in Iya ta yi shiru, rundunar ta tafi har abada, ta sami abin da ta roƙa a dandali, ta kuma rama jinin ɗanta ba tare da ta ɗaga yatsa ba. In kuwa ta amsa, sun zama baƙi na halal, kuma in suka ga dama su zauna, ba mai iya ce musu komai. Da yamma na kasa haƙuri na ce, “Iya, me za ki yi gobe?” Ta ce, “Karan nan da ka sassaƙa ya yi kauri, sake shi.”

Gari na wayewa rundunar ta fita, sahu bayan sahu. Suka tara māsu da takubba da bakuna a gefen hanya har suka yi tudu. Mijinyawa ya tura ƙofa ya datse. Jalmawa suka hau ganuwa, maza da mata. Ni aka ɗora ni a kan ƙofar don in yi tafinta, ina ganin waje ina ganin ciki. A ciki, Iya Gwamma na zaune a kan turmi a bayan ƙofa, hannuwanta a kan gwiwa. A waje, Barde ya cire hular ƙarfensa da takalmansa, ya matso shi kaɗai. Tun da safe ya sa na koya masa kalmomin da harshen Jalmo, ya ce ba ya son a yi masa tafinta a wannan.

Ya ce, “Sallama dai, masu gari!”

Shiru. Iya ko motsi ba ta yi ba.

Ya jira, ya sake cewa, “Sallama dai, masu gari!” Na ga mayaƙa a baya sun fara kallon juna, wani saurayi a cikinsu ya durƙushe ya rufe fuska. A kan ganuwa wata mata ta ce a hankali, “Iya, don Allah,” wani kuma ya ce, “Ku ƙyale ta, ɗanta ne.” Ni kaina na san abin da ke jiransu a Kasandi, kuma na san abin da aka yi wa matar nan.

Barde ya yi ta uku.

Iya Gwamma ta miƙe tsaye. Ta matsa jikin ƙofa ta ce, “Wane ne?”

Na koya masa ya faɗi sunansa da na ubansa, iyakar abin da al'ada ta nema ke nan. Amma sai ya ɗago kai ya dube ni ya ce, “Wannan ban iya ba, juya mata.” Sannan ya ce da harshensu, da ƙarfi yadda rundunarsa duka za ta ji, “Ni ne Cindo, wanda ya hauro muku ta katanga. Ni ne na ba da umarnin da aka harbi Barmo. Ba mai gadin ba ne, ni ne.”

Na juya mata. Ba wanda ya yi tari a kan ganuwar nan. Iya ta dafa ƙofar da faffaɗan tafinta, ta sunkuyar da kai, ta daɗe a haka. Da ta ɗago, fuskarta sharkaf da hawaye. Ta ce, “Mijinyawa, buɗe.” Da ƙofa ta buɗe ta dubi Barde a cikin ido, karo na farko da wani ɗan Jalmo ya yi haka, ta ce, “Maraba. Shigo.”

Ita da kanta ta ɗebo ruwa ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu ya sha. Mata suka sauko da ƙore da tuluna, aka bi sahu ana shayar da mayaƙa, ana ce musu sannu da zuwa, mutanen da suka yi shekaru suna sayen ƙosai a hannunsu. Na ga mai ƙosan nan ta riƙe hannun wani tana tambayarsa sunansa. Amma ana cikin haka idon kowa na kan Barde, don yanzu ya shigo, kuma tudun makamai na nan taku kaɗan a bayansa. Jarmai Kwasau ma shi yake kallo.

Barde ya shanye ruwan, ya mayar mata da ƙwaryar, ya durƙusa a gabanta. Da 'yan kalmomin Jalmo da ya iya, a karkace kamar ƙafata, ya ce, “Iya, mun daɗe. Muna neman sallama.”

Ta share fuska da gefen mayafinta. Ta dubi rundunar daga wannan gefe zuwa wancan, ta ɗaga murya yadda na ƙarshensu zai ji.

Ta ce, “Mun gode. Mun sallame ku. Ku gai da gida.”

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, kuma a nan bakina ya tsaya.